Wanda Ya Kankare Bangon Baba

Ran da aka fasa shagon Baba ba a ɗauki ko tsinke ba. Sikelinsa na nan, buzunsa na nan, har rediyon da yake jin labarai na zaune a kan kanta. Kwaɗon ƙofa aka ɓalle, aka shiga aka kankare bango.

Wanda bai san mu ba zai ce to sai me, ai bango ne. Amma duk Roni an san bangon Malam Sama'ilu. Baba ya yi aikin awon gyaɗa a kantin wani Balarabe Kwara a Kano tun kafin a ba da mulkin kai, a can ya ga yadda ake bin farashi da zane. Da ya dawo gida sai ya shafe bangon shagonsa da farar ƙasa, ya ja layuka gida-gida kamar na dara, ya riƙa bin kuɗin buhun gero da gawayi. In kuɗi ya hau gida ɗaya, sai ya sa gicciye a saman na baya. In ya ɗan sauko ba ya ko motsi, sai ya sauko gida uku cur, sannan ya koma layi na gaba ya fara jera zobe yana yin ƙasa. Babu kwanan wata a jiki. In kasuwa ba ta motsa ba, bango ma ba ya motsi. Mutanen gari dai hatimi suke ce masa. Ya yi bayani har ya gaji ya bari.

Siffofin da ke fitowa duk ya ba su suna. Akwai tsani, akwai daɓe, akwai rufi uku. A shekarar da ta biyo bayan farin nan, rufi uku ne ya fito: gero ya hau ya bugi layi ɗaya har sau uku yana dawowa. Baba ya ce wa abokin cinikinsa Alhaji Muhammadu Lawal da sauran waɗanda suka zuba geronsu a rumbunanmu kada kowa ya taɓa. In ya huda rufin ko da gida ɗaya ne, zai tafi sama sosai, a riƙe. In kuwa ya fasa daɓe, a sayar a ranar.

Ana cikin jiran nan ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, baki ya rufe. Alhaji ya sa wa shagon kwaɗo ya riƙe makulli. Ran kasuwa shi yake zuwa ya ƙara gicciye ko zobe.

Yanzu ga shi ba rufi ba daɓe. 'Yan gicciye ne kawai suka rage can sama, kamar sawun kaza.

Kafin hantsi an cika ƙofar gidanmu, kuma bakin kowa ɗaya: Mamuda. Yayana ne. Sawun takalminsa na taya ne ya cika bakin shagon. Kuma kowa ya ji shi ran da suka yi sa-in-sa da Baba a kan a sayar da kason gidanmu ya sayi babur, ya ce wata rana sai ya shafe bangon nan kowa ya huta.

"Ga ranar ta zo," in ji Alhaji. "Ya san in ba bango dole a sayar. Ubansa na kwance ya yi masa haka. Wallahi motar yamma za ta tafi da shi Kazaure, alƙali ya raba mu."

Yaya Mamuda na tsaye ya jingina da katanga. Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne.

Mai Unguwa ya ɗaga hannu. "Alhaji, mota ba ta tashi sai bayan la'asar. A kira Hamma tukuna. Kowa ya ja baya, kada a ƙara taka wurin."

*

Hamma Bafulatani ne daga rugar da ke bayan duwatsu. Shi ake kira in an kora shanun mutum, an ce ya taɓa bin sawu daga Roni har bakin iyaka. Tsoho ne siriri, da malafa da sanda. Ya tsaya nesa da ƙofar ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya leƙa ciki.

"Ranka ya daɗe, ni fa shanu nake bi," ya ce wa Mai Unguwa. "Bango ba ya tafiya."

"Wanda ya kankare shi ai da ƙafa ya zo."

"Haka ne kuma. To me aka rubuta a jiki? Addu'a?"

Alhaji ya fara bayani, ɓacin rai ya hana shi kai ƙarshe. Mai Unguwa ya ce a kira Batulu, 'yar makaranta ce, kuma ita ke riƙe wa ubanta gawayi in ta zo hutu. Batulu ni ce. Na fito da mayafi na durƙusa a gefe, idona a ƙasa. Tun da nake ban taɓa magana a gaban maza da yawa haka ba. Muryata da ƙyar take fita, Hamma sai da ya tsuguna kusa da ni sannan ya ji.

Da na gama ya gyaɗa kai. "Wato bangon ba ya tambayar yaushe kasuwa ta wuce, sai dai ina ta nufa."

"Haka ne, Baffa."

"To, 'yar Malam, kada ki yi nisa. Wa da wa ke son bangon nan, ban da masu shi?"

Wani daga baya ya ce, "Daudu!"

*

Daudu ɗan tsallaken iyaka ne, ta Babura yake shigowa da kanwa da dabino ya koma da gero. An gan shi wajen shagon da asuba. Aka je masauki aka zo da shi yana gyara rawani yana rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba.

"Ka zo nan yau?" in ji Hamma.

"Ni? Me zai kawo ni?"

"Ɗaga ƙafarka ta hagu."

Ya ɗaga. Takalminsa fata ne, an yi masa faci a dunduniya. Hamma ya nuna da sanda gindin tagar shagon, ga facin nan raɗau a ƙasa.

Daudu ya sauke murya. "To, na zo. Amma leƙe na yi, wallahi leƙe. Tun bara nake roƙon Malam ya rubuta min hatimin nan, da sefa da naira babu wanda ban miƙa ba, ya ce wai ba hatimi ba ne. To in ba hatimi ba ne, ya aka yi bai taɓa faɗuwa a gero ba? Shi ne duk zuwa nake leƙawa in kwafi kaɗan."

Ya tura hannu a riga ya fito da laya an ɗinke ta da jar fata. Wasu suka yi dariya.

"Ku yi dariyarku. Tun da na rataya ta raƙumina bai yi ɗingishi ba."

"Da ka leƙa yau me ka gani?"

"Duhu. Na ce bari gari ya waye, sai na ji an ta da salla na tafi masallaci. Ku tambayi liman, a sahun gaba nake." Ya juya ya dubi Alhaji. "Amma in tambaya ake yi, a tambayi mai makulli. Makon jiya na ga an sa zobe, na dawo na ga an goge da yawu an sa gicciye. Malam bai taɓa goge abu ba. Wanda ya ɓata zane shi zai so zanen ya ɓace."

Alhaji ya miƙe kamar zai kai masa duka. "Ni? Ni da dukiyata ke ciki? Kuskure na yi na gyara, kowa na yi! Kai ɗan leƙen tagar mutane!"

"Alhaji, a ina ka kwana?" Hamma ya tambaya a hankali.

"A Gwiwa! Na ci kasuwa dare ya yi min, yau da safe na hawo keke. Ga ƙurar hanya nan a ƙafata, in ita ma za ka karanta."

Hamma ya duba ƙafar kuwa, da gaske. Ya ce, "Ta Gwiwa ce."

*

Yaya Mamuda a zaure aka zaunar da shi. Na kawo ruwa na ajiye, na koma bayan ƙyaure na tsaya.

"Samari, sawunka ne a ƙofar?" in ji Hamma.

"Nawa ne."

"Ka shiga?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Na ga sawun ɓarayi da yawa," in ji Hamma. "Ɓarawo taka ɗaya yake yi ya shige, taka ɗaya ya fito, yana jin haushin ƙasa ma da take riƙe sawunsa. Kai kuwa ka je ka dawo, ka je ka dawo, kana dannawa kamar mai taka ƙasar gini. Daga ƙofar shago har ƙofar zauren nan. Me kake binnewa?"

"Ba abin da nake binnewa, Baffa."

"Ka san kurkukun Kazaure?"

"Ina wucewa ta gabansa."

"Wucewa daban. Ubanka na kwance, kai kaɗai ne namiji a gidan nan. In aka tafi da kai wa zai juya shi? Wa zai kai shi bayan gida?"

Na ji numfashin Yaya ya sauya, amma bai ce komai ba. Ni na san shi. Mai faɗa ne, in an ɗora masa abin da bai yi ba sai unguwa ta ji. Shirun nan nasa shi ya fi ba ni tsoro.

*

Bayan azahar mutane suka ragu, rana ta kore su. Hamma ya koma shagon shi kaɗai. Da na kai masa fura na same shi a tsugune a gindin bango yana shafa ƙasa da tafin hannu.

"'Yar Malam, kin taɓa kankare bango?"

"In za a yi sabon shafe muna yi."

"Ƙasar ina take zuba?"

"A ƙasa mana, Baffa. Sai an share."

"To duba."

Na duba. Bango guda an kankare, amma gindinsa fes. Ba garin farar ƙasa, ba baƙin gawayi. Kuma ba alamar tsintsiya, tsohuwar ƙurar ɗakin na nan yadda take.

"Mai ɓarna ba ya tafiya da ƙura," in ji shi. "Ya kankare ya tafi, ta zuba inda ta ga dama. Wannan tara ta aka yi. Ko ƙwaya ba a yarda ta faɗi ba."

Ya nuna min wasu 'yan da'ira a cikin ƙurar, a jere a bin bango, ɗaya nan, ɗaya can gaba kaɗan.

"Gindin ƙwarya ne. Ana kankarewa ana matsar da ita. Wanda ya yi wannan ba ƙin rubutun yake ba. So yake ya tafi da shi gida." Ya ɗago ya dube ni. "Wa ke tara rubutu a ƙwarya, 'yar Malam? Don me ake tarawa?"

Na ajiye masa furar. Na juya na nufi cikin gida.

*

Inna na ɗakin Baba, inda take wuni tun da ya kwanta. Ta tallafo kansa da hannu ɗaya, ɗaya hannun da ludayi. Ƙwaryar na gefenta. Ruwan ciki fari-fari ne, ya kwanta, a ƙasansa akwai laka mai ɗigon baƙi.

"Inna, rubutun wane malami ne wannan?"

"Na Malam ne."

"Wane malam?"

Ta dubi Baba. Ai shi ma Malam take ce masa.

"An kawo na Kazaure ya sha," ta ce, tana goge masa gemu da bakin zane. "An kawo na Babura ya sha. Duk maganar wasu ce. Shi kuwa tasa maganar tana jikin bangon can, shekara da shekaru yana zuba ta. Na ce bari in ɗebo masa abinsa in mayar masa, ko bakin ya tuna hanya. Da maza suka tafi masallaci na fita da taɓarya. Kada ki faɗa wa kowa, in aka yi ta yaɗawa karyewa yake."

Baba na kallona. Idonsa ɗaya na zubar da ruwa, amma tun da ya kwanta haka yake yi, ban san ko ya gane abin da ake ba shi ba.

"Hayaniyar me ake ta yi tun safe?" in ji Inna. "Yayanki ya ce min maganar kwaɗo ce, zai saya musu wani."

Na buɗe baki. In na faɗa mata, za ta fita, matar da ko ƙofar gida ba a taɓa ganinta ba, a ce ita ta fasa shago ta zubar da dukiyar mutane, a yi ta ba da labarinta a kasuwanni har ta mutu. In na yi shiru, mota ta tafi da Yaya.

"Maganar kwaɗo ce," na ce.

Hamma na tsaye a inuwar zaure da na fito. Ya dubi fuskata kawai.

"Baffa, yaya za a yi?"

"Ban sani ba, 'yar Malam. Iyakar sawuna ƙofar zauren nan, ba na shiga gidan matan aure. Saniya in na gano ta, mai ita murna yake yi. Wannan ban san wanda zai yi murna ba."

*

Bayan la'asar aka taru a zaurenmu: Mai Unguwa, Alhaji da sauran masu gero, Daudu, Yaya Mamuda a tsakiya a ƙasa. Daga tasha ana jin yaran mota na kiran Kazaure. Ina bayan ƙyaure.

"Hamma, muna jinka," in ji Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, Daudu a taga ya tsaya, daga nan masallaci. Alhaji bai kwana a gari ba. Yaron nan kuma sawunsa a kan na wani yake. Wani ya riga shi, shi ya zo daga baya ya tattake."

"Na wa ya tattake?"

"Ya tattake da kyau, ranka ya daɗe."

"Ka ji!" in ji Alhaji. "Wato ya san ɓarawon. Ko shi ya aiko shi. Hamma, an ce kana gane saniya mai ciki daga sawunta, yau kuma ka makance?"

"Tsufa ne, Alhaji."

"To alƙali bai tsufa ba. Kai Mamuda, wa kake rufa wa asiri? Ka faɗa a nan ko ka faɗa a can da bulala."

"Ba kowa," in ji Yaya. "Ni ne. Ni na ɓalle kwaɗon, ni na kankare. Na faɗa tun tuni zan yi, na yi. A tashi mu tafi kada mota ta cika."

Zauren ya ɗauki salati. Mai Unguwa ya dubi Hamma, Hamma ya dubi sandarsa. Na sa bakin mayafi a bakina na cije. Na ji an ce a kawo igiya, wani ya ce ba sai an ɗaure shi ba, ai ba gudu zai yi ba.

Ban ji zuwanta ba. Sai dai na ji hannu a kafaɗata an matsar da ni gefe.

"Mamuda."

Ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba, ko a ɗaki, balle a gaban maza. Shi kansa sai da ya waiga kamar wani ake kira.

"Mamuda, zauna. Ba inda za ka."

Ba ta shiga zauren ba. Daga bayan ƙyaure ta miƙa hannu ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, inda kowa zai gani.

"Ranka ya daɗe, ga bangon nan, abin da ya rage. Ni na ɗebo. Malam nake ba wa ya sha ko Allah ya sa ya yi magana. In Kazaure za a je, a ba ni lokaci in sa mayafi, a samo wadda za ta zauna da shi."

Daudu ne ya fara cewa, "Allahu akbar," a hankali, hannunsa a kan layarsa.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙwaryar. "Dela," ya ce wa Inna, "rufin da daɓen duk kin jiƙa?"

"Ban san su ba, Alhaji. Inda hannuna ya kai na ɗebo."

"To ya yi maganar?"

"Tukuna."

Ya sa hannu biyu ya rufe fuska. Da ya sauke sai ya ce wa sauran masu gero, "Gobe kowa ya zo da jakunansa ya kwashe nasa. A sayar yadda aka samu." Ya tashi ya fita, ko sallama bai yi ba. Mai Unguwa ya ce magana ta mutu a nan, kada ya ji ta a waje. Amma tun kafin ya rufe baki na ga mutum biyu sun sulale sun nufi tasha.

Hamma ne ƙarshen fita. Ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ya miƙo min, bai bari ta girgiza ba.

*

A ɗakin Baba, Yaya ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, da kin yi shiru. Wata nawa ne? Da na yi na dawo. Yanzu har Gwiwa sai an ji."

"A ji," in ji ta. Ta koma ba ta kallonsa, kamar kullum. "Batulu, ce wa yayanki ya zo ya ɗaga min kansa, hannuna ya gaji."

Ya cire takalmi ya shigo. Ya zauna a bakin gado ya jingina Baba a ƙirjinsa. Inna ta motsa ruwan da ludayi har lakar ta taso, ta yi bismilla ta kai bakinsa. Rabi ya shiga, rabi ya gangaro ta gefen da ya mutu. Ta tare da yatsa ta mayar.

Daga tasha muka ji motar Kazaure ta tashi. Mu uku muka zuba wa bakin Baba ido. Ya haɗiye, leɓensa ya ɗan motsa, ya tsaya.

"Ba ya aiki nan take," in ji Inna. Ta sake cika ludayin.